Bel 14 a Motar Tasawa: Littafin Aiki

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Hiace ɗin Yaya ta shigo shago don a sake mata rigunan kujeru, magana ta ja magana har ta kai ga bel ɗin kujera, wanda fasinja ke ɗaurawa. Motar tana jigila tsakanin Maradi da Tasawa. A gaba kaɗai take da bel: na direba ya maƙale a gidansa, na fasinja kuwa an ƙulle shi a bayan kujera tun zamanin mai motar na farko. Kujerun baya layi huɗu ne, ƙirar gida, ko ɗaya ba ta da wurin ɗaura bel.

Mun tsayar da shawara a gyara biyun gaba, a sa wa baya na ƙugu guda 12, uku a kowane layi. Yaya ya gindaya sharaɗi. Ya ce, "Auta, fasinja bai tsoron hatsari kamar yadda yake tsoron ya maƙale a mota tana cin wuta. In abin ba zai kwance da hannu ɗaya ba, ka bar min kujeruna yadda suke." Ban ga laifin maganarsa ba. Ke nan rabin aikin nan na makullin bel ne. Ya ba ni jika 30 kafin alƙalami.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Na yini wajen 'yan gwangwan da masu fasa tsofaffin motoci. Bel ɗin ƙugu zalla ya fi wuyar samu, sai a kujerar tsakiya ta bayan tsofaffin motoci ko a bas. Abin da nake fara dubawa shi ne ɗan ƙyallen da aka ɗinka a gindin bel. In akwai harafin E cikin da'ira da lamba a gefensa, to an gwada irinsa an amince: 1 Jamus ce, 2 Faransa, 4 Holan, 43 Japan. Harafin A na nufin bel mai kafaɗa da ƙugu, B na ƙugu kaɗai. B nake nema.

Na ƙi iri uku. Na farko wanda ke da bututu a gindi da waya mai kan rawaya. Wannan yana da ɗan albarushi a ciki mai tamke bel lokacin karo, ba kayan wasan shago ba ne. Na biyu na motar da ta yi hatsari, ana gane shi don zaren ya yi tauri yana sheƙi a inda ya goga da ƙarfe. Na uku waɗanda suka kwana cikin ruwan ƙarshen Agusta, laka ta bushe a cikinsu. Mai shagon ya yi ta cewa duk ɗaya ne, ya ɗauko harshen bel ɗin Toyota, wato ƙarfen da ke shiga makulli, ya cusa a makullin Peugeot, ya yi ƙara "kas", ya dube ni. Na fizga da hannu ɗaya, ya fito. Daga nan bai ƙara cewa komai ba. Kowane harshe da makullinsa, daga mota guda.

Na sayi 16 a jika 2 kowanne, da matattu huɗu a dala 100 kowanne don in fasa in ga cikinsu. Jika 34, na ciko huɗu daga aljihuna.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na fasa matattun. In aka cire rigar roba, abin da ke ciki bai kai tafin hannu ba, kuma guda biyar ne ke aikin: gidan ƙarfe, haƙori mai shiga ramin harshe, wata 'yar sandar ƙarfe da ke kwance a bayan haƙorin, jan madanni, sai maturi mai sifirin a can ƙarshen rami.

Na daɗe ina sa harshe ina cirewa a hankali kafin in fahimci dabarar. Haƙorin shi ke ɗaukar nauyi, amma ba shi madanni ke ɗagawa ba. 'Yar sandar nan ce ke danne shi, kamar sakatar ƙofa. Babban yatsa sakatar kawai yake zarewa, sai haƙorin ya tashi da kansa, maturin ya cillo harshen waje. Wato yatsa ba ya kokawa da nauyin mutum. Maturin kuma yana da aiki na biyu da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da na yi ina cire kujeru: in harshe bai shiga har ƙarshe ba, yakan turo shi baya. Ko dai ya kulle sosai, ko ya fito. Babu tsaka-tsaki, don makullin da ya yi kamar ya kama alhali bai kama ba ya fi rashin bel muni.

Abin da ya kashe su kuwa: ɗaya ƙwandalar dala biyar ce ta faɗa ciki, ɗaya ɓawon gyaɗa da yashi sun cushe maturin, ɗaya sifirin ya karye. Na huɗun, jan madanninsa ya koɗe ya koma ruwan hoda, na danna da farce ya ruburbushe, guntayen suka zube cikin gidan. Irin wannan ya taɓa zama babbar magana a Amurka: a 1995 an maido da motoci sama da miliyan 8 masu makullin kamfanin Takata, don robar madannin tana tsufa ta farfashe, guntayen su hana shi kullewa ko buɗewa. In robar ta yi haka a can, ina ga ranar Maradi cikin watan Afrilu? Na koma kan 16 ɗin na matsa kowane madanni da farce. Ɗaya ya tsage. Saura 15.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya sauko min da ƙa'idar bel ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai lamba 16, da Faransanci a waya. Mun zauna bayan Isha'i yana karantawa ina rubutawa. Abin da ya shafe ni: madanni ja ne, kuma ba a yarda wani ɓangaren makulli ya zama ja ba. Dole ya buɗu da motsi ɗaya na hannu ɗaya. Ƙarfin da bai kai na kilo 1 ba kada ya buɗe shi. Bayan an yi gwajin karo da shi a gudun kilomita 50 a sa'a, ana ja da nauyin kusan kilo 60, kada dannawar ta wuce ta kilo 6. Ana buɗe shi a rufe sau 5,000. Makullin zai jure jan kusan tan guda, zaren kusan tan ɗaya da rabi, faɗin zaren kada ya gaza milimita 46.

Yaya ya zo da tasa shawarar. Ya ga na jirgin sama lokacin da ya je Umra, marfi ne kawai ake ɗagawa, ya ce Baba mai walda zai ƙera irinsa a jika guda. Na ce masa motoci ma da irinsa suka fara, aka bar shi aka koma madanni, kuma marfin da ke saman ciki hannun babbar riga na iya ɗage shi. Ya ce a gwada dai. Baba ya karɓi jika 3, zai yi biyu.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Baba ya kawo. Aiki mai tsabta, ya goge da magagari har yana ɗaukar ido. Mun rataya sarƙar ɗaga inji a garejin maƙwabcina, muka ɗaura buhun siminti biyu, kilo 100, don mu kwatanta ƙaton mutum da mota ta kife da shi yana reto a bel. Na aro sikelin rataye wajen mahauci, na lanƙwasa waya ta kama marfin, na ja.

Na farkon ya riƙe buhunan cak. Amma marfin ya ƙi ɗaguwa. Allurar sikeli ta wuce 10, ta wuce 15, wayar ta miƙe, marfi na nan. Sai da yarona ya sa kafaɗa ya ɗaga buhunan kaɗan sannan ya buɗu. Baba ya yanka haƙorin da ɗan lanƙwasa ciki, don haka duk nauyin da aka ƙara sai ya ƙara cizo. Ainihin abin da fasinja ke tsoro ke nan, mun ƙera shi da hannunmu.

Baba ya ce, "Ɗana, wannan ai gyaran minti biyar ne." Ya ɗauki na biyun ya rage haƙorin da magagari, ya karkatar da shi waje. Aka rataya. Wannan karon kilo 3 ya buɗe shi, Yaya har ya fara murmushi. Muka sake ratayawa, na ɗauki ƙaramar guduma na ƙwanƙwasa bayan makullin sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Buhunan suka dira ƙasa, ɗaya ya fashe, ƙura ta turnuƙe mu. Ramin hanya guda tsakanin Gazawa da Tasawa ya fi gudumar nan duka.

Tsakanin haƙorin da ya ƙi saki da wanda ya saki da kansa, tazarar ba ta wuce shafar magagari kaɗan ba. Ita ce matsalar da 'yar sakatar nan ta warware. Na nuna wa Baba wanda na fasa, ya jujjuya shi a hannu, ya daɗe yana kallon sakatar. Ya ce zai iya kwaikwayon siffar, amma ba shi da irin wannan ƙarfen, kuma guda 12 ba za su fito iri ɗaya ba.

Na kamfanin, duk 15 an rataya musu buhu biyun. Goma sha huɗu sun buɗu tsakanin kilo 3 da 5. Ɗaya ya kai 9, na ware shi. Na ƙwanƙwasa su da guduma ta baya da ta gefe, ba wanda ya motsa.

Talata, 19 ga Nuwamba

Ɗinkin rigunan kujeru. Wuta ta ɗauke da hantsi, na koma keken ƙafa.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Gwajin tan guda. Wani Alhaji mai sayar da siminti ya ba mu aron buhu 20 da ƙofar sitonsa mai dogon ƙarfe a sama, da sharaɗin wanda ya fashe mu biya. Mun jera su kan katako, ana ƙarawa ɗaya bayan ɗaya, ba a ɗaga katakon sama da taƙi guda daga ƙasa, kowa ya ja baya.

Na Baba mai cizo, a buhu na 12 ramin harshensa ya fara tsawo, a na 14 ya yage. Na kamfani biyu da na zaɓa sun ɗauki 20 ɗin, bayan an sauke kuma suka buɗu da yatsa. Duk da haka na yanka zarensu na jefa cikin gwangwan, don abin da ya ɗauki wannan nauyin ba ya komawa mota. Na kuma gaya wa Yaya kada ya ɗauka mun yi gwajin karo. Nauyin da aka ɗora a hankali daban, fizgar ƙiftawar ido daban. Wancan harafin E ne shaidarsa, mu dai mun duba ko tsufa ya cinye su ne. 'Yan dako jika 2. Saura 12 cif, babu na ajiya.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Gaba. Na direba ba lalacewa ya yi ba. Wani ya taɓa cire gidan naɗin ya mayar da shi a karkace. A ciki akwai ɗan ƙwallon ƙarfe da ke zaune a faranti, in mota ta yi birki mai ƙarfi ko ta karkata sai ya gangara ya kulle naɗin. Gidan da aka ɗaura a karkace kullum gani yake mota na faɗuwa. Na daidaita shi, na hure ƙura, ya koma aiki. Na fasinja wanki kawai ya sha, ruwan ɗumi da sabulu, aka shanya a inuwa.

Wannan mai kafaɗa da ƙugu shi ne wanda Nils Bohlin ya tsara wa Volvo aka fara sa shi a 1959, kamfanin kuma ya bar kowa ya kwaikwaya ba tare da biya ba. Ya fi na ƙugu zalla nesa ba kusa ba, don yana tare ƙirji. A baya ba ni da ginshiƙi mai ƙarfi da zan ɗaura na kafaɗa, shi ya sa na tsaya a na ƙugu. Zai hana mota ta watsar da mutum ta taga ko ta jefa shi kan na gabansa. Iyakarsa ke nan, kuma haka na faɗa wa Yaya.

Litinin, 2 ga Disamba

Na ɗaga tabarmar ƙasan motar, raina ya ɓaci. Ƙafafun kujerun ɗigon walda ne kawai ke riƙe da su, layi na uku ma da hannu nake girgiza shi. Makulli mai ɗaukar tan guda a jikin wannan kujerar aikin banza ne. Bel zai tafi ƙasan mota kai tsaye, kujerun kuma Baba zai sake musu ƙafafu da noti. Ya karɓi aikin da fara'a, na ga kamar yana so ya rama na ranar Lahadin nan.

Alhamis, 5 ga Disamba

Notin bel ya tsayar da mu. Zarensa na inci ne, 7/16, ya ɗan haura milimita 11. Na 10 ya yi masa kaɗan, na 12 ya yi masa yawa, na zaga shagunan noti babu macen da ta hau shi. Wani ya ce in tura shi da ƙarfi zai yanka wa kansa hanya. Na yi masa godiya na fito. Na koma wajen masu fasa motoci, aka yanko min matan notin da ke manne a jikin gangar mota, jika 4. A ƙarƙashin kowane rami Baba ya sa falan ƙarfe mai kaurin milimita 3, faɗin tafin hannu, an zagaye kusurwoyinsa don kada su tsaga ƙasan motar in an fizga. Inda tsatsa ta ci, an yanke an sa sabo. Walda da ƙarfe jika 18.

Talata, 10 ga Disamba

An ɗaura duka. Na sa yarona ya sa babbar rigata ta Juma'a ya zauna, na ce ya rufe ido ya kwance. Ya lalubi cinya, ya lalubi kujera, makullin ya sulale tsakanin katifa da jingina, riga ta rufe shi. Ya ce, "Maigida, da wuta ce da na gasu." Makulli mai saurin buɗewa da hannu bai san inda yake ba, saurinsa na banza ne.

Na yanka tsohuwar jarkar mai sala-sala, na ɗinka wa kowane makulli kube na ledar kujera, na zura salar a ciki. Yanzu yana tsaye a gefen ƙugu, tsawon taƙi, jan madannin na kallon sama. Allura ba ta taɓa zaren bel ɗin ba, kuben zura shi ake yi kawai. Duka na sa su a hannun dama, don wanda ya koya a layi ɗaya ya same shi a wuri ɗaya a kowane layi. Leda jika 3 da rabi.

Juma'a, 13 ga Disamba

Mota ta koma hanya.

Asabar, 21 ga Disamba

Hunturu ya kankama, gari ya yi fari fat. Makullin da na tsayar baki sama ya zama mazubin ƙura. Uku suka fara nauyi, yaron mota kuma, da kyakkyawar niyya, ya ɗiga musu baƙin mai. Mai da ƙura suka haɗu suka yi kunu, maturin ya daina cillo harshe. Ɗaya ma na tura harshen ya tsaya ba tare da ƙara ba, na ja ya zare. Wannan ya fi komai tayar min da hankali, don fasinja zai zauna yana ganin a ɗaure yake.

Na cire ukun na jiƙa cikin ruwan ɗumi da sabulu ina dannawa, na kai wa mai faci ya hure su da iska, suka kwana a inuwa. Biyu sun dawo, na ukun bai gamsar da ni ba. Na sayo wasu biyu, sun hau zuwa jika 2 da rabi kowanne. Ɗaya ya shiga mota, ɗaya na ajiya.

Na gwada ɗinka musu hula mai marfi, na fasa. Hular tana rufe jan madanni, kuma ta mayar da motsi ɗaya biyu. Maganin da ya fi sauƙi bai ci ko dala ba: kujerar da babu kowa a kanta, a bar harshe a cikin makulli, shi ne murfinsa. Na kafa wa yaron mota doka uku: babu mai, kullum da safe ya saurari ƙarar kowanne ya kuma fizga, ran Juma'a a kai wa mai faci.

Lahadi, 29 ga Disamba

Na bi motar zuwa Tasawa don in gani da idona. A tasha yaron ba ya wa'azin hatsari. Yana ɗaura wa mutum, ya kama babban yatsansa ya ɗora kan ja, ya ce ya danna. Wata tsohuwa a layi na biyu ta ce ita ba akuya ba ce da za a ɗaure ta. Yaron ya ce, "Inna, ke za ki kwance kanki, taɓa nan." Ta danna, harshen ya yi tsalle ya faɗo mata a cinya, ta yi dariya ta ce a mayar. Kafin mu bar gari ta buɗe ta rufe ya fi a ƙirga, har ta koya wa ta kusa da ita. Wani Alhaji ya ƙi, ya ce riga za ta yamutse, aka ƙyale shi.

Abin da na gyara a hanya: da yawa suna ɗora shi a kan tumbi, alhali wurinsa ƙasa ne, kan ƙashin ƙugu, a kuma tamke shi. Mai juna biyu a ƙarƙashin cikin. Mai goyo ta kwanto yaron, bel ya zagaye ta ita kaɗai. In ya haɗa su biyu, nauyinta ne zai matse ɗan.

Sai babbar matsalar, wadda makulli ba ya magani. Layin da na sa wa bel uku, mutum huɗu ake zubawa. Na huɗun yana zaune kan makullin na uku, ya danne kuben, babu mai iya kai hannu.

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Mun zauna da Yaya kan lissafi. Bel da matattu jika 34, gwajin Baba 3, 'yan dako 2, noti 4, walda 18, leda 3 da rabi, ƙarin biyu 5. Jimla jika 69 da rabi, ban da ladan hannuna. Ya biya bai yi ƙorafi ba. Da na kawo maganar mutum huɗu kuwa, ya ce rage fasinja huɗu a kowace tafiya kuɗin mai ne gaba ɗaya, in ya ƙara kuɗin kujera kuma za su hau ta bayansa.

Na auna kujerun. Layin ƙarshe ya cika faɗin motar, zai ɗauki bel na huɗu in na matsar da ramuka biyu. Sauran ukun ƙofa da hanyar wucewa sun ci wurin, ba zai yiwu ba. Yaya ya yarda da na ƙarshen, sauran ya ce a bari bayan azumi ya ga yadda kasuwa take. Motar za ta shigo ran Alhamis da yamma: na ajiyar zai tafi layin ƙarshe, Baba zai yanko falan ƙarfe huɗu, ni kuma zan sake rataya wa duka buhu biyu in ga abin da hunturu ya yi wa nauyin madanninsu.